Gardamar Kan Akushi: Tarihin Wata Tambaya Game Da Ikon Allah

A wannan karon na ɗan jingine labarin soyayya gefe, zan kawo muku wani tarihi da ya faru a ƙasashe masu nisa da mu. Sai dai in aka bi salsalarsa, a kan maganar budurci ya faro, wato abin da mu marubuta muka fi ƙarar da tawada a kansa. Don haka kada a ce na bar gida.

Musulmi da Kirista da Bayahude sun saɓa a kan abubuwa da dama, wasu ma manya-manya, amma akwai magana guda da babu mai ja da ita a cikinsu, ita ce Allah Yana da iko a kan komai. Mu mukan ce Mai Kowa Mai Komai, Buwayi Gagara Misali. Kiristocin da ke jin Hausa sukan ce Allah Mai Iko Duka. Duk da haka malaman addinan nan uku sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kai ruwa rana a kan kalma ɗaya tak, kalmar "komai". Me da me ya shiga cikinta? Yaran makarantar da ke zuwa wa iyayensu da tambayar ko Allah zai iya halittar dutsen da ba zai iya ɗagawa ba, suna zaton sun zo da sabon abu. Tsohon zance ne, an yi waɗanda suka fi shi wuya tun kafin a haifi kakanninsu.

A shekarar 325 Miladiyya, Sarkin Rumawa Kwanstantin ya tara manyan limaman Kirista a garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya. A nan suka tsara shahadar da aka ƙara wa bayani a 381, wadda mafi yawan coci-coci ke karantawa har yanzu. A jimlar farko sun siffanta Allah da wata kalma ta Girkanci mai nufin Mai riƙe da komai, ko Mai mulkin komai. Da aka juya ta zuwa Latinanci, harshen cocin yammacin Turai, sai kalmar da ta tsaya a madadinta ta fi karkata ga ma'anar Mai iya komai. Ka ga akwai ɗan bambanci. In ka ce Mai riƙe da komai, mutum zai yi shiru ya sunkuyar da kai. In kuwa ka ce Mai iya komai, to ka buɗe wa mai ƙwaƙwa ƙofa, zai fara jero maka: har da kaza? Har da kaza?

Wanda ya yi fice wajen amsa irin wannan tun da wuri shi ne Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, bishof na garin Hifo, inda yau birnin Annaba yake a Aljeriya. Ya rasu a 430. A ganinsa Allah ba Ya mutuwa, ba Ya ƙarya, ba a yaudararSa, kuma wannan rashin shi ne cikar iko, domin mutuwa da ƙarya aikin mai rauni ne. Ya kuma ce abin da ya riga ya faru ba ya komawa bai faru ba, don hakan daidai yake da mai da gaskiya ƙarya, Allah kuwa ba Ya gaba da gaskiya. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta biyu, za mu sake karo da ita.

Wasiƙar Jerom da cin abincin Monte Kasino

A zamanin Agustin akwai wani babban malami mai suna Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Latinanci, ya rasu a Baitalami a 420. A shekarar 384, yana birnin Rum, ya rubuta wa wata yarinya 'yar manyan gida mai suna Yustokiyum doguwar wasiƙa, domin ta ɗauki alkawarin zama budurwa har mutuwa saboda ibada. Don ya tsoratar da ita ta kama kanta, sai ya gaya mata cewa Allah da ke da iko a kan komai, ba zai iya tayar da budurwa bayan ta faɗi ba. Zai iya yafe mata azaba, amma rawanin budurci ya wuce ta.

Maganar nan ta yi kusan shekara 700 ana kwafarta ana karantawa. Wajen shekarar 1065 wani dattijon ɗan zuhudu mai suna Bitrus Damiyan, mutumin Rabenna a Italiya, wanda ya kai muƙamin kadinal, ya kai ziyara Monte Kasino. Wannan wani babban gidan 'yan zuhudu ne a kan dutse tsakanin Rum da Nafoli, da aka kafa wajen 529. Shugaban gidan a lokacin shi ne Desideriyus, wanda daga baya aka zaɓa Paparoma a 1086. Suna zaune ana cin abinci sai zancen wasiƙar Jerom ya taso. Damiyan ya nuna cewa maganar ba ta taɓa kwanta masa a rai ba, don bai ga yadda za a yi bawa ya buɗe baki ya jingina wa Ubangiji gazawa ba. Desideriyus ya tashi kare Jerom, ya ce abin da ake nufi shi ne Allah ba Ya iyawa saboda bai so ba.

Da Damiyan ya koma gida sai ya rubuto doguwar wasiƙa a kan ikon Allah, wadda har yau ake karantawa a jami'o'i. Ya ce in dai abin da Allah bai so ba shi ne abin da ba Ya iyawa, to ranar da ba a yi ruwa ba sai mu ce Allah ne Ya kasa saukar da shi, marar lafiyar da bai warke ba mu ce an kasa warkar da shi. Wa zai yarda da wannan? Ashe ke nan ikon Allah ya fi abin da Ya aikata faɗi nesa ba kusa ba. Game da budurci kuwa, ya kasa shi gida biyu, na daraja da na jiki. Na daraja, ya ce Allah Yana iya mai da wadda ta faɗi ta tuba matsayinta a wurinSa cif-cif. Na jiki kuma, ya kafa hujja da haihuwar da Nana Maryamu ta yi wa Annabi Isa (AS) tana budurwa, abin da mu ma Musulmi muka yi imani da shi. Wanda Ya yi wancan, gyara abin da ya ɓaci a jikin mace zai gagare Shi?

To a nan ne masu ilmin manɗiƙi suka ɗana masa tarko. Suka ce mun ji, Ya gyara jiki, Ya ɗaga daraja. Amma zai iya sa abin ya zama bai taɓa faruwa ba? Ga birnin Rum nan an gina shi tun zamanin da, shin Allah zai iya mai da shi ba a taɓa gina shi ba? Rushe shi abu ne mai sauƙi. Tambayar ita ce a goge ginin daga jiya.

Damiyan ya fusata da su. Ya ce manɗiƙi baiwa ce, kada ta shiga gaban uwargijiyarta. Sannan ya ce jiya da yau da gobe namu ne mu da lokaci ke ja, shi kuwa Allah duk zamunna a gabanSa suke a shimfiɗe lokaci guda. Kafin a aza tubalin Rum Yana da ikon hana ginin, ikon nan kuwa bai tsufa ba, bai ragu ba, don haka a haƙƙinSa "Ya iya" da "Yana iyawa" duk ɗaya ne. Masana sun rabu biyu a kan fassarar wannan amsa. Wasu sun ce ya yarda Allah na iya warware jiya, wasu sun ce iyakarta ya ƙi yarda ne a furta kalmar gazawa a kan Ubangiji. Ya rasu a 1072.

A ɓangaren Musulmi

Abin mamaki, daidai lokacin da ake wannan a Italiya, malaman Musulunci na fama da irin tambayar, kowa a harshensa. A 1064, kusan shekara guda kafin wasiƙar Damiyan, aka yi rasuwar Ibnu Hazmi na Andalus, mutumin Kurɗuba. Mu marubutan soyayya muna da rabo a cikinsa, don shi ne mai Ɗauƙul Hamama, shahararren littafin nan a kan so da masoya. Shi ya tafi a kan cewa ba a yi wa ikon Allah shinge ko da da abin da hankali ya kore, don gudun kada a siffanta Shi da gazawa. Mafi yawan malaman tauhidi ba su bi shi a kan haka ba.

A Bagadaza kuma, Imam Gazali ya kammala littafinsa Tahafutul Falasifa a 1095, inda ya yi wa 'yan falsafa irin su Ibnu Sina raddi a kan mas'aloli 20. Su suna ganin duniya na gudana ne bisa sabubba na dole, wuta in ta taɓa auduga tilas ta ƙone ta. A mas'ala ta 17 Gazali ya ce abin da idonmu ya gani shi ne ƙuna na zuwa tare da taɓawar wuta, amma ido bai taɓa ganin tilas ɗin ba. Allah ne Ya gudanar da al'ada a haka, in Ya so Ya saɓa ta, kamar yadda wuta ta ƙi cin Annabi Ibrahim (AS). Shi da kansa ya kawo irin ba'ar da za a yi masa, cewa in haka ne mutum zai bar littafi a gida ya dawo ya tarar ya zama yaro, ko yaron gidansa ya rikiɗa ya zama dabba. Ya amsa da cewa Allah Ya sanya mana sanin cewa ba Ya yin haka a al'adance, shi ya sa muke fita kasuwa hankali kwance. Duk da wannan faɗin da ya ba ikon Allah, Gazali ya tsaya a wuri guda, ya ce tabbatar da abu da kore shi a lokaci guda ta fuska guda ba ya cikin abin da iko ke rataya da shi. Ya rasu a 1111.

Wajen 1180 alƙalin Kurɗuba, Ibnu Rushdi, wanda malamanmu na Malikiyya suka sani da Bidayatul Mujtahid, ya mayar masa da martani. Ya ce wanda ya kore sabubba ya kore hankali, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa, kuma tsarin da ke cikin halitta shi ne babban dalilin hikimar Mahalicci. A wannan zamanin dai wani Bayahude ɗan Kurɗuba, Musa bin Maimun, da ya zama likita a Masar, ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci wajen 1190. Shi ma ya ce korarren abu yana da ɗabi'a tabbatacciya da ba ta sauyawa, kamar a ce Allah Ya halicci wani Allah irinSa, kuma rashin siffanta Shi da iko a kan irin wannan ba tawaya ba ce.

Faris, 1277

Ibnu Rushdi ya rasu a Marrakish a 1198. Bayan 'yan shekaru aka fassara sharhohinsa na littattafan Arisɗo, babban ɗan falsafar Girka, zuwa Latinanci, suka shiga jami'ar Faris ta ƙasar Faransa, inda suka tayar da ƙura. Cikin malaman da suka karance su akwai Toma Akwinas, wanda tun yana ɗan shekara 5 aka kai shi karatu Monte Kasino, gidan da aka yi waccan gardama ta kan akushi. Ya san rubutun Ibnu Rushdi da na Ibnu Maimun, yana ambatonsu a littattafansa.

Toma ya ce Allah Yana iya duk abin da babu tufka da warwara a cikinsa. Abin da ke rushe kansa da kansa kuwa, ya fi dacewa a ce ba ya yiwuwa, da a ce Allah ba Ya iya shi, domin aibin na jikin maganar ne. Da ya zo kan budurwar Jerom sai ya raba gardama, ya ce Allah na iya kawar mata da duk wani gurɓata na zuciya da na jiki, amma kasancewar abin ya faru ba ya gogewa, kamar yadda mai zunubin da aka yafe wa ba ya komawa wanda bai taɓa yi ba. Ka ga ya koma wa maganar Agustin ke nan. Ya rasu ranar 7 ga Maris 1274.

Shekara 3 cif bayan rasuwarsa, ranar 7 ga Maris 1277, bishof na Faris, Etiyen Tampiye, ya fitar da jerin maganganu 219 da ya haramta koyarwa, tare da barazanar korar mai koyar da su daga coci, har da wanda ya saurara bai kai rahoto cikin kwana 7 ba. Da yawa daga cikinsu maganganu ne da ke ɗaure hannun Ubangiji da igiyar Arisɗo. Ɗaya ta ce Allah ba zai iya yin duniyoyi da yawa ba. Wata ta ce ba zai iya tura sammai a miƙe ba, wai don zai bar wuri fanko, Arisɗo kuwa ya ce fanko ba ya yiwuwa.

Dubi yadda abin ya juya. Doka ce ta hana magana, amma sai ta buɗe wata ƙofa. Tunda an hana cewa Allah ba zai iya ba, sai malamai suka samu damar tambaya: to da Ya yi, yaya abin zai kasance? Wani malami Nikol Oresim ya zauna a 1377 ya auna yiwuwar wasu duniyoyi, ya kuma nuna babu hujjar ido da ta hana a ce ƙasa ce ke juyawa, ko da yake a ƙarshe ya tsaya a kan tsohon ra'ayi. Wannan kuwa shekara 166 ne kafin littafin Kofanikus na 1543. Wani masanin tarihi Bafaranshe, Fiyer Duhem, da ya rasu a 1916, har cewa ya yi daga wannan doka kimiyyar zamani ta faro. Masana da yawa na ganin ya zuzuta, amma sun yarda ta rage wa Arisɗo kwarjini.

Yadda zancen ya iso zaurukanmu

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya ji an kasa hukuncin hankali gida uku: wajibi, da mustahili wato korarre, da ja'izi wato mai yiwuwa. An kuma gaya masa ƙudurar Allah tana rataya ne da dukkan mai yiwuwa. A sharhinsa Sanusi ya yi wa Ibnu Hazmi raddi mai zafi, ya kuma kawo hikayar Annabi Idrisu (AS), wanda Iblis ya zo wa yana ɗinki, riƙe da ɓawon ƙwai, ya tambaye shi ko Allah zai iya sa duniya a ciki. Annabi Idrisu ya amsa masa da cewa har a kafar allura ma, sannan ya tsokane masa ido da ita. Malamai suka yi bayani cewa in ana nufin a ƙanƙantar da duniya ko a faɗaɗa ɓawon, wannan mai sauƙi ne a wurin Allah. In kuwa ana nufin babba ya shiga cikin ƙarami alhali kowa na nan yadda yake, to mai tambayar bai faɗi wani abu ba, baki kawai ya motsa. Dutsen yaran makaranta ma nan ya dosa. Kuma don kada a mai da wannan ilmi sandar dukan talakawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce yana tsawatar wa masu kafirta jama'a saboda ba su iya jero hujjojin ilmin kalami ba.

Abin da na fahimta daga tarihin nan shi ne, malaman nan katanga biyu suke tsaro. Damiyan da Gazali da bishof na Faris suna tsoron kada ɗan Adam ya ɗauki abin da ya saba gani ya mai da shi iyakar Ubangiji. Agustin da Ibnu Maimun da Toma da Sanusi suna tsoron kada a ɗauki shirme a laƙaba masa sunan Allah a ce shi ne imani. Gazali ma duka biyun ya riƙe. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, kuma wanda ya saki ɗaya zai faɗa rami.

Sai dai ina so mu lura da wurin da suka haɗu. Damiyan da Toma sun saɓa a kan ko jiya na gogewa, amma dukkansu sun yarda Allah na iya tsarkake wadda ta faɗi, zuciya da jiki. Jerom ɗin ma da ya tsananta bai rufe mata ƙofar gafara ba. Mu kuma a Suratul Furƙan an yi wa mai tuba na gaskiya albishir da musanya masa munanan ayyuka da kyawawa, ba a ce maza kaɗai ba. To me ya sa a littattafai da yawa da ke kasuwa, yarinyar da ta yi kuskure sau ɗaya ba ta da makoma sai hauka, ko cuta, ko kabari, shi kuwa namijin da suka yi tare a ɗaura masa aure da budurwa a babi na ƙarshe? Me ya sa a unguwa ake yafe wa ɓarawon da ya tuba har a ba shi jan salla, ita kuwa a bi ta da gori har 'ya'yanta? Ba cewa nake a sassauta tarbiyya ba, rigakafi ya fi magani. Amma mai yanke wa baiwar Allah ƙauna ya sani maganar tauhidi ya taɓa, domin ya ɗauki abin da mutanen unguwarsu ba sa iya mantawa ya mai da shi abin da Allah ba Ya iya gyarawa. Wannan kuwa ita ce gazawar da Damiyan ya ƙi yarda a jingina wa Ubangiji, mu da muke karanta Ummul Barahin mun fi cancanta mu ƙi.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya karɓi tubanmu baki ɗaya.